Wankan Jegon da Na Je Yi Dubai

A unguwarmu, cikin birnin Zariya, ba a ɓata wajen neman gidana. Ka ce gidan Inna mai wanka, kowa zai nuna maka. Shekara talatin da ɗoriya ina yi wa mata wankan jego, tun ruwan na ƙona mini hannu har fatar ta daina ji. Na san ruwan da ya tafasa da wanda ya yi ƙarya. Na san yawan itacen da ake turawa ƙarƙashin gadon ƙasa a gasa mai jego ba tare da an toya ta ba. Da wannan taƙamar na sauka Dubai, shekarar da suke ta haƙe titunansu wai za su sa jirgin ƙasa, domin in yi wa 'yata wanka.

'Yar fari ce. Mu kuwa yadda muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai ta kawar da kai ta bar wa dangi. Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita a bakina ba. "Ke" nake ce mata, in ba ta nan kuma in ce "yarinyar nan". Da a gida ta haihu, ƙanwata ce za ta yi mata wankan, ni ko ɗakin ba zan leƙa ba. To a can ta haihu, wajen mijinta da muke ce wa Injiniya, biza kuma ta mutum ɗaya aka samu, ta wata biyu. Aka ce ai uwa ce mai zuwa. Na ce to.

Tun a jirgi na fara wauta. Wani mutum mai farar shadda da carbi ya zauna kusa da ni, Hausa a bakinsa raɗau, ya ɗaura mini bel, ya buɗe mini abinci. Ni kuma baki ba linzami, na zazzage masa komai, har da cewa dukiyata kaf tana cikin babbar jakar nan mai ratsi. Da muka sauka muka ɗauki kaya sai ya ce, "Hajiya, mutanen nan ba sa barin baƙo ya wuce da irin wannan jakar, kawo in fitar miki da ita, mu haɗu a ƙofa." Na miƙa masa har da godiya. Ina nan tsaye a ƙofa har Injiniya ya iso ya durƙusa yana gaishe ni, ni kuma idona na kan kowace farar riga. Kanwata ungurnu ce a jakar, da yajin jego da na kwana uku ina dakawa, da daddawa, da busasshen ganyen runhu. Allah ya isa na yi masa, amma na so in ga fuskarsa lokacin da ya zuge zif ɗin.

Gidansu a Al Qusais yake, fulat a hawa na huɗu. A waje zafi kamar a bakin tanda, kana shiga ciki kuma sanyin esi ya mare ka har ƙashi. Na tarar da mai jego kwana biyar da haihuwa, zaune a kan kujera da 'yar riga shara-shara, ƙafarta a kan tayil ko takalmi babu, ga kofin ruwan firji a gefenta. Innalillahi! Ban san lokacin da na fizge kofin ba. Jaririn ma sai daga baya na ɗauka, namiji ne, sunan marigayi malam mijina za a sa masa, saboda haka tun ranar na ce na yi sabon maigida.

Ba banza nake tsoron sanyi ba. Yayata Abu haihuwarta ta uku ta tafi. Ta kumbura, tana tari, tana haki, ba ta cika arba'in ba. Manya suka ce ruwan randa ta sata ta sha, sanyi ya shige ta. Ina da shekara goma sha biyar lokacin, ni ce mai tura mata itace a ƙarƙashin gado, kuma tun daga ranar na ɗauki alkawari babu mai jegon da sanyi zai ci a hannuna.

Na ce, "Ke, wa yake miki wanka?"

Ta ce, "Da kaina nake yi, Inna, da ruwan ɗumi. Likita ta ce jinina ya ɗan hau, in rage gishiri, kuma kada in shiga zafi sosai."

Na ce, "Likitar 'ya'ya nawa ta haifa?"

Ta yi murmushi. Yarinyar nan har digiri gare ta, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini musu ba.

To fa, da me zan yi wankan? Babu itace, babu garwa, babu tsakar gida. Ruwan hita nasu in ka tara a bokiti kafin ka juya ya huce. Na koma tafasawa a butar shayi, buta bakwai kafin bokiti ya kai rabi, ta farko ta riga ta yi sanyi. Na ce bari in hura gawayin turaren wuta ko ɗakin ya yi ɗumi, sai wani abu a silin ya fasa ihu kamar an yanka shi, mai gadi ya hauro a guje yana ta yare yana nuna ni da yatsa. Ranar suna ko rago ban gani ba, wai an yanka a mayanka, shinkafa ce ta zo cikin robobi, maza goma suka ci suka watse. Na shiga banɗaki na rufe na yi kukana. Ni da ake layi a ƙofata, ga shi na kasa tafasa wa 'yata ruwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ga Injiniya ya fito da tawul a kafaɗa ya shiga ƙaramin ɗakin da suke ajiye tarkace. Can ya fito jage-jage da gumi yana ta fara'a. Da ya ga ina satar kallo sai ya ce in zo in gani. Wani ɗan ɗaki ne na katako a cikin ɗakin, bai fi kes ɗin mai shayi girma ba, da ƙofar gilashi. Benci biyu ne ciki, sama da ƙasa. A kusurwa murhun lantarki ne an jera masa baƙaƙen duwatsu, ga bokitin katako da ludayinsa, a bango kuma an maƙala wata kwalba mai siririn ƙugu da yashi a ciki.

Ya ce, "Inna, sauna ake ce masa. Wani Bature abokin aikina ne zai koma ƙasarsu ya bar mini. In ka yini a wurin gini jikinka duk ya yi tsami, ka shiga nan, wallahi sai ka ji ka sake."

Na ce, "Ikon Allah. Garin da rana ke dafa ƙwai, a nan ake ajiye wa zafi ɗaki."

Ya yi dariya, ya murɗa wani maɓalli ya nuna mini, ya ɗebi ruwa ya watsa wa duwatsun. Suka yi cuuu, tururi ya tashi ya daki fuskata. Murna ta kama ni. Wannan ai gadon gashi ne, har ya fi namu, ba hayaƙi ba toka.

Kamar ya karanta abin da ke raina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai dai ita an hana ta, Inna, sai ta warware sosai. Ni ma da nake lafiya, yashin nan in ya gama zubowa, khalas, shi ke nan, fita nake. Ba a sake juya shi."

Na ce, "Allah ya yi albarka." Amma na riga na ga inda ya murɗa.

Kanwa kuma Hajiya Mariyama ce ta samo mini. 'Yar Maraɗi ce, tana safarar kaya zuwa Nijar, ta zo barka ta tarar ina ƙunƙuni. Washegari ta ɗauke ni a tasi zuwa Port Saeed, bakin ruwan nan da jiragen katako ke lodin firji da tayoyi da buhuna. Sitonta na wani bene can ciki. Tana buɗe ƙofa warin daddawa ya tare ni, sai ga hawaye, kamar na shiga ɗakin uwata. Ta ɗebo mini ungurnu mai kyau, da gero, da kayan yaji, ta ce ko godiya kada in yi.

Na gaya mata abin da likita ta ce. Ta taɓe baki. "Bon, Inna, lokotoron nan ba su san jikin Bahaushiya ba. Ni haihuwa bakwai, duka an gasa ni, an ɗura mini kunun kanwa. Voilà, ga ni nan ina hawan bene da kwali a ka." Na ji daɗin maganar, don abin da nake son ji ke nan.

Saura ganye. Shi ma Allah ya kawo. A bayan benenmu na hango bishiyar darbejiya guda biyu, na sauka ta matakala, don ni lifta ban yarda da ita ba. Ina miƙa hannu zan karya reshe sai ga mai ban ruwan fulawoyi, wani dattijo ɗan Pakistan da gemunsa ja da lalle. Na zaci faɗa zai yi. Na yi masa sallama, ya amsa. Na nuna bishiyar, na haɗa hannuwana ina jijjigawa kamar mai rarrashin jariri. Sai fuskarsa ta washe, ya ce "Masha Allah, Mama," ya sa almakashinsa ya yanko mini rungume guda. Daga ranar kullum da safe zan tarar da ɗaurin ganye a gindin matakala. Har na bar ƙasar ban san sunansa ba, kuma ban da sallama da sunan Allah babu kalmar da muka haɗa.

Ranar Lahadi Injiniya na fita aiki na murɗa maɓallin. Na jiƙa ganyen a bokitin katako da tafasasshen ruwa, na ce, "Ke, taso."

Ta tsaya a bakin ƙofar da ɗaurin ƙirji. "Inna, ya ce kada in shiga."

"Shi ya haife ki?"

"A'a."

"To shiga. Kuma ba sai ya ji ba, wannan maganar mata ce."

Ta shiga. Na kwantar da ita a bencin sama, na juya yashin, na dinga tsoma ganye ina fyaɗa mata a baya da ciki da cinya, ina watsa ragowar ruwan a duwatsu. Ɗakin ya cika da ƙamshin darbejiya. Gumi ya dinga kwarara daga jikinta, ni kuma ina cewa alhamdulillahi, sanyi ne ke fita. Da ta fito na ba ta kunun kanwa kofi biyu, mai zafi, na tsare ta sai da ta shanye. Ranar ce rana ta farko da na ji ni mutum ce a garin nan.

Haka muka yi ta yi, safe da la'asar, kafin ya dawo na goge katakon tas na kwashe ganyen. Bayan mako guda na lura ƙafarta ta ɗan tasa. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai tari ya biyo baya, busasshe. In ta je kicin ta dawo sai ta dafa bango tana haki. Kwanciya ma ta gagare ta sai ta jingina da filo uku. Duk na san alamun nan, na gan su a jikin Yaya Abu, kuma abu ɗaya aka koya mini game da su: sanyi ne, gashi bai isa ba. Tsoro ya kama ni. Na ƙara kanwa a kunun. Yashin da aka ce ba a sake juyawa na koma juya shi sau biyu.

Injiniya ya ji tarin ya ce su je asibiti. Ni ce na tare, na ce esin nan ne, a kashe na ɗakinta a gani. Ya kashe. Ita kuma ta dinga sa safa da doguwar riga don kada ya ga ƙafar, saboda in ya gani zai yi tambaya, in ya yi tambaya asirina ne zai tonu. Rufa mini asiri take yi, ni ban ma lura ba.

Sau ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Inna, in na shiga ƙirjina bugawa yake kamar zai fito. Ko za a huta yau?"

Na ce, "Haka yayata ta dinga cewa a huta. Kina so ki bar mini maraya?"

Kwana ashirin da shida da haihuwa, da hantsi, na juya yashin karo na uku. Sai maigidan nawa ya farka ya callara kuka. Na ce mata ta kwanta ina zuwa, na ja ƙofar gilashin na fita. Na canza masa ƙunzugu, na ɗan jijjiga shi, wallahi ban daɗe ba. Da na dawo, ta cikin gilashin na hango hannunta na reto daga kan benci, kanta ya karkace.

Na ajiye yaron a ƙasa na jawo ta waje. Jikinta zafi kamar dutsen guga, leɓenta ya yi baƙi, wata kumfa mai ja-ja na fitowa ta gefen bakinta, numfashin kuma can ƙasa yana ƙara kamar ana tafasa ruwa. Na ce "Ke!" Shiru. Na girgiza ta, na ce "Ke!" Shiru. Sai na ji wata murya ta cika gidan, ashe tawa ce.

"Zulai! Zulai! Zulaihatu!"

Idonta ya ɗan motsa, bai buɗe ba. Na rarumi wayarta, na danna nan na danna can, rubutu kawai take nuna mini. Lambar mijinta ban sani ba, ta asibiti ban sani ba. Na fita na dinga dukan ƙofofin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, duk sun tafi aiki, babu wanda ya buɗe. A gida in na yi ihu ɗaya, kafin in rufe baki mata ashirin sun cika tsakar gida. A nan kuwa na yi ihu har muryata ta dushe, bango ne kawai ke amsa mini. Na saɓi jaririn na gangara hawa huɗu ba takalmi ba mayafi.

Dattijon nan na tarar yana jan tiyo. Gemunsa kawai ban kama ba. Ya dubi fuskata ya yar da tiyon ya biyo ni. Yana shiga ya kawar da kai har na rufe ta da zane, sannan ya ciro wayarsa ya yi magana da sauri. Ya kashe murhun, ya kunna esi, ya ɗaga ta ya jingina da bango. Sai na ga ya buɗe firji ya ɗauko gorar ruwa ya jiƙa tawul zai ɗora mata. Ruwan sanyi a jikin mai jego! Na cafke hannunsa da ƙarfina duka. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce, "Sabr, Mama. Sabr." Ban ji yaren ba, amma na gane haƙuri yake ba ni. Ya zame hannunsa a hankali ya shimfiɗa mata tawul ɗin a goshi da wuya. Na tsaya ina kallo ana yi wa 'yata abin da na yi shekara talatin ina hanawa, ban san ko ceto ake yi ba ko kisa, har masu motar asibiti suka hauro.

Kwana tara ta yi a ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe, roba a hanci, roba a hannu, wani akwati a kanta yana ta ƙyaf-ƙyaf. Ni ina baranda a kan kujerar ƙarfe da jariri da kwalbar madara. Masu farin kaya na wucewa suna Turanci da Larabci da Indiyanci, ina bin bakinsu da kallo ko zan tsinci labari. In sun yi murmushi in ce ta samu sauƙi, in sun yi sauri in ce shi ke nan. Hajiya Mariyama ta zo sau ɗaya da kular abinci, ta zauna ba ta iya haɗa ido da ni ba, ta tafi.

Rana ta uku wata likita doguwa baƙa ta fito tare da Injiniya. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Ina wuni, Hajiya." Na kusa faɗowa daga kujera. 'Yar Sudan ce, ta ce kakanninta daga ƙasar Katsina suka taso aikin hajji da ƙafa suka yada zango a can, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci amma ana ganewa.

Ta ce, "Mijinta ya ce ba ta shiga zafi, ba ta cin gishiri. Amma wanda ya kira mota ya ce a bakin sauna aka same ta. Ki gaya mini gaskiya, don in san maganin da zan ba ta. Kin gasa ta?"

"Gasa" ta ce, kalmarmu ta gida. Na dubi Injiniya, shi ma ni yake kallo. Na ce, "Na gasa ta. Kwana goma sha shida, safe da la'asar."

"Kunun kanwa fa?"

"Kofi biyu. Daga baya uku."

Ta sauke numfashi. Ta ce zuciyar yarinyar ce ta kumbura ta gaji, ba ta iya tura jini, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ta ce yakan samu wasu mata bayan haihuwa ko ba a yi musu komai ba. Amma kanwa gishiri ce, tara ruwa take a jiki, zafi kuma sa zuciya gudu yake.

Na ce, "Likita, ni ce ke nan?"

Ta ce, "Ban ce ke kika kawo ciwon ba, Hajiya. Watakila da shi ta fito daga ɗakin haihuwa. Amma zuciyar na neman hutu, aka yi ta ɗora mata kaya."

Na ba ta labarin Yaya Abu, kumburin da tarin da ruwan randar da aka ce ta sata. Sai ta ce, "Allah ne masani. Amma kakata ma haka aka ce da ƙanwarta." Sai na tuna hannuna, ina 'yar shekara goma sha biyar, ina tura itace.

Na so Injiniya ya zage ni. Wallahi na so, da na samu sauƙi. Amma bai zage ni ba. Washegari da safe ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi yadda na kwana da yaro. Ranar Juma'a na ji ƙwanƙwasa daga ƙaramin ɗakin, na leƙa, na gan shi zaune a ƙasa yana kwance katakon ɗaya bayan ɗaya. Da ya kwashe duwatsun sai ga busassun ganyen darbejiya a ƙarƙashi, waɗanda suka maƙale ban gani ba. Ya tsince su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya zuba a kwandon shara ya ci gaba da aikinsa.

An sallame ta bayan mako uku da ledar magani, ba ta yi kwana shida a gida ba ruwan ya sake taruwa aka mayar da ita. Arba'in ɗinta a gadon asibiti ya wuce, babu kitso babu lalle. Likitar ta gaya musu, ta kuma maimaita mini da Hausa don kada in ce ban ji ba, cewa magani ne har iyakar rai, kuma kada ta sake ɗaukar ciki, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ana cikin haka bizata ta zo ƙarshe. Injiniya ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis, aka ce sai dai in fita. Na zo in yi wa 'yata wanka in ga ta miƙe, ga shi zan tafi in bar ta kwance, jikana kuma a hannun wata 'yar aiki da ko yarenta ban ji.

Ranar tafiya aka kai ni sallama. Ta rame, idanun sun yi zuru-zuru, amma a zaune take. Na tsaya daga ƙafar gado. Na shirya neman gafara tun a mota, maganar ta ƙi fitowa.

Ita ce ta fara. Ta ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Na ji ki ranar. Can nesa, kamar ina cikin rijiya. Na so in amsa, bakina ya ƙi." Ta ɗan huta, don doguwar magana na sa ta haki. "Sake faɗa in ji sosai."

Ga mijinta tsaye, ga nas tana gyara roba. Na ji kunya ta taso mini har wuya yadda ta saba, na haɗiye ta. Na ce, "Zulai." Ta ce, "Na'am, Inna." Na ce, "Ki yafe mini." Ta kamo hannuna, wannan mai kantar da ba ya jin zafi, ta ɗora a kumatunta, har Injiniya ya ce jirgi ba ya jira.

Da na dawo Zariya na sa aka rushe gadon ƙasan da ke ɗakina. Wanka ina yi har yanzu in an kira ni, da ruwan ɗumi, ba kanwa, kuma in na ga ƙafa ta tasa sai in ce a tafi asibiti. Kiran ya ragu ƙwarai. Cewa suke Inna ta je Dubai ta dawo Baturiya, suka koma wajen wata a bayan layinmu da ba ta wasa da itace. Na je har gida na ba su labarin nan, suka ce Allah sarki, ai kwana ne bai ƙare ba, suka ci gaba da hura wutarsu. In na hango hayaƙin da safe sai in shige ɗaki.

Tana nan da rai, da ɗanta guda ɗaya tal, da ƙwayoyinta na safe da yamma. Duk Juma'a takan kira. Jikokina na nan gida sun koya mini inda ake dannawa. In na ɗauka ba na jira ta yi sallama, nakan ce "Zulai," sannan in yi shiru in kasa kunne in ji yadda take numfashi.